Yadda Ake Shirya Jiki Domin Jure Faɗuwa Idan Shekaru Sun Ja

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. A cikin mutum uku da suka kai 65, kusan ɗaya yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Galibi ba daga bene ko bishiya ake faɗowa ba. A tsakar gida ne, a wurin alwala, a bakin banɗaki, ko a dokin ƙofa da dare bayan an ɗauke wuta.

Abin da ke biyo bayan faɗuwar farko shi ya fi ɓarna. Tsoro yakan shigi dattijo, 'ya'ya kuma su ce "Baba ka zauna ka huta", "Hajiya kada ki ƙara fita ke kaɗai". Niyyarsu mai kyau ce, amma yawan zama yana zaftare naman cinya cikin 'yan makonni, tsoro kuma yana sa mutum tafiya a sanƙare, yana jan ƙafa, ido a ƙasa. Mai irin wannan jiki ya fi saurin faɗuwa, idan kuma ya faɗi sai ya sauka gaba ɗaya kamar an yar da busasshen itace. Don haka abu uku za a nema: ƙarfin ƙafa, sakin jiki, da sabawa da ƙasa. Namiji da mace duk hanyar ɗaya ce, kuma wanda ya fara tun yana ɗan hamsin ya fi cin riba.

Kayan da ake buƙata

- Kujera mai ƙarfi, mai majingina, marar taya, tsayin mazauninta kamar santimita 43, wato idan ka zauna tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai. A jingina ta da bango. Farar kujerar roba ta biki ba ta dace ba, ƙafafunta na baɗewa a kan tayil. Idan babu, benci mai nauyi ko dakali ya wadatar.
- Katifa mai ɗan tauri a shimfiɗe a ƙasa. Idan babu, a ninka bargo biyu ko uku a kan kafet.
- Agogo ko waya mai ƙirga daƙiƙa.
- Abin dafawa wanda ba ya motsi: bango, ƙarfen taga, ko bayan kujera mai nauyi.
- Tsohuwar safa da aka cika da yashi rabin kilo zuwa kilo ɗaya, domin ɗaurawa a idon sawu. Ba a buƙatarta a makonnin farko.
- Tufa marar jan ƙasa. Mace ta ɗaure zani sama da idon sawu ko ta sa wando. A yi da ƙafa ba takalmi, ko da takalmi mai kama diddige. Safa a kan tayil haɗari ce.
- Mutum na biyu a kusa, musamman a mataki na 1, na 5 da na 6.

Wanda yake da ciwon zuciya, ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko aka yi masa aiki a ƙugu, gwiwa ko ƙashin baya, ko likita ya ce ƙashinsa ya yi rauni, ya fara zuwa sashen fisiyo na asibiti, wato masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, a tsara masa abin da ya dace da shi. A kowane lokaci, idan ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya zo, a dakata nan take.

Mataki na 1: Auna inda kake

Gwaji uku ne, irin waɗanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke ba likitoci su yi wa tsofaffi. A rubuta sakamakon da kwanan wata.

Na farko, a auna mita 3 daga kujera a ja layi. Ka tashi, ka je layin da tafiyarka ta yau da kullum, ka juyo, ka zauna. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa.

Na biyu, ka rungume hannu a ƙirji, ka tashi tsaye cak ka koma ka zauna, a ƙirga sau nawa ka yi cikin daƙiƙa 30. Ga mai shekara 60 zuwa 64, ƙasa da 14 ga namiji ko 12 ga mace rauni ne. Ga mai 70 zuwa 74, ƙasa da 12 ga namiji ko 10 ga mace. Wanda ba ya iya tashi sai ya dafa da hannu, a rubuta masa sifili, kuma ya san cewa mataki na 3 shi ne babban aikinsa.

Na uku, ka tsaya kusa da bango, ka sa diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar suna taɓa juna. Idan ba ka kai daƙiƙa 10 ba tare da dafawa ba, daidaiton tsayuwarka na buƙatar gyara.

Mataki na 2: Koyi sakin jiki

Wannan shi ne farkon kowane zama, minti 5. Ka zauna, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar a hankali ta baki kana ƙirga 6, sau 6. Fitarwar ce ke sassauta jiki, saboda haka ita ake tsawaitawa.

Sannan ka ɗaga kafaɗu har kusa da kunne, ka matse su daƙiƙa 5, ka sake su su faɗo da kansu. Ka yi haka da dunƙulen hannu, da cinya, da muƙamuƙi. Amfanin matsewar shi ne ka gane bambancin tsoka a ɗaure da tsoka a sake, domin mutane da yawa suna yini da kafaɗa a ɗaure ba su sani ba. Akwai hanyar ganewa mai sauƙi: mataimakinka ya ɗaga hannunka ya sake shi. Idan ya faɗo kan cinya da nauyinsa, ka saki jiki. Idan ya tsaya a sama ko ya sauko a hankali, da saura.

Ka ƙarasa da juya idon sawu sau 10 kowane ɓangare, da waiwaye dama da hagu sau 5. Kada a wulwula wuya ko a karya shi baya da ƙarfi, yana kawo jiri.

Mataki na 3: Ƙarfafa ƙafa

Tashi da zama shi ne uban duka. Ka matso bakin kujera, ka ja ƙafafu baya kaɗan har su zo ƙarƙashin gwiwa, ka sunkuyo da ƙirji gaba, ka miƙe. Wajen komawa ka sauka a hankali kana ƙirga 3, kada ka faɗa kan kujerar. Saukar nan ta hankali ita ce ke gina tsokar da za ta rage maka gudu ranar da ƙafa ta zame. Sau 10, a huta minti ɗaya, a sake 10. Wanda bai iya ba ya fara da dafa hannu biyu, bayan mako biyu ya koma hannu ɗaya, ko ya ƙara matashi a kan kujerar ta yi tsawo.

Sai ɗage. Ka dafa bango, ka tashi kan yatsun ƙafa, ka sauko a hankali, sau 10. Sannan akasinsa: diddige a ƙasa, ka ɗaga yatsu sama, sau 10. Mutane sukan raina wannan na biyun, alhali tsokar gaban ƙwauri ce ke ɗauke kan ƙafa daga ƙasa idan ana tafiya. Idan ta yi rauni, gefen tabarma ma ya isa ya sa tuntuɓe.

Bayan haka ka ware ƙafa ɗaya gefe kana tsaye, yatsu na kallon gaba, jiki bai karkata ba, sau 10 kowace ƙafa. Daga ƙarshe ka zauna ka miƙe gwiwa ɗaya sosai, ka riƙe daƙiƙa 3, ka sauke. Idan 10 ta zama wasa, a ɗaura safar yashi.

Kurakurai biyu sun fi yawa a nan. Ɗaya shi ne riƙe numfashi lokacin yunƙuri, wanda ke tayar da hawan jini. Ka fitar da iska lokacin da kake miƙewa. Ɗayan kuma tsayawa a mataki guda har watanni. Motsin da ba ya gajiyar da kai kaɗan ba ya ƙara maka ƙarfi. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma suka a cikin gaɓa ko kumburin gwiwa na nufin a rage.

Mataki na 4: Daidaiton tsayuwa

Yawo da ƙafa yana da kyau ga zuciya, amma shi kaɗai ba ya hana faɗuwa. Dole a riƙa ba jiki ɗan tangaɗi a wurin da babu haɗari. A kowane motsi da ke tafe, a fara da dafa hannu biyu, a koma ɗaya, a koma yatsa biyu, sannan a saki, hannun dai yana kusa da bango.

Ka tsaya ƙafafu a haɗe daƙiƙa 30. Idan ka iya wannan sosai, ka sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya kamar a gwaji na uku na mataki na 1. Daga nan sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, daga daƙiƙa 10 har 30. Ido ya kafe a kan wani abu da ke daidai fuskarka, gwiwa kuma a ɗan sake, kada a ƙame ta.

Sai na tafiya: taku 10 diddige na taɓa yatsu a gefen bango, taku 10 a kaikaice dama da hagu, taku 10 da baya. A ajiye buta biyu tazarar mita ɗaya da rabi, ka zagaya su kana zana lamba 8. Idan ka ƙware, ka yi kana ƙirge daga 50 zuwa ƙasa, domin sau da yawa ana faɗuwa ne lokacin da hankali ya rabu biyu, ana tafiya ana amsa sallama.

Akwai wani da ya kamata a ba shi lokaci sosai, wato saurin jefa ƙafa. Ka tsaya nesa da bango kamar taku ɗaya da rabi kana fuskantarsa, ka karkata gaba a hankali har ka ji za ka tafi, sai ka jefa ƙafa ɗaya da sauri, taku mai faɗi, ka tare kanka. Sau 5 kowace ƙafa, sannan gefe da gefe. Tuntuɓe yakan ƙare a matsayin tuntuɓe kawai idan ƙafa ta riga jiki isa.

Shirin Otago na ƙasar New Zealand, wanda aka gina a kan irin waɗannan motsi na ƙarfi da daidaito, minti 30 sau uku a mako, ya rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 35 cikin ɗari a gwaje-gwajen da aka yi masa.

Mataki na 5: Sauka ƙasa da tashi

Mai yin salla a ƙasa yana durƙusawa yana tashi sau da dama kowace rana, kuma wannan babban jari ne. Wanda lalura ta sa ya koma salla a kujera, shari'a ta ba shi dama, amma ya sani cewa jikinsa zai fara manta hanyar ƙasa. Idan likita bai hana ba, ya riƙa gwada wannan mataki a wani lokaci daban.

Ana koyonsa ne daga ƙarshe zuwa farko, don kada mutum ya tsinci kansa a kwance ya kasa tashi. A ajiye kujera a gefen katifa.

Rana ta farko: ka fuskanci kujera, ka dafa mazauninta da hannu biyu, ka ja ƙafa ɗaya baya, ka sauke gwiwarta ta taɓa katifa, ka taso. Iyakar ke nan. Idan wannan ya zauna, sai a sauke gwiwa biyu a taso. Bayan wasu kwanaki a sauke hannu ƙasa a tsaya kamar mai rarrafe, a koma kujera. Sannan a zauna a gefen cinya. A ƙarshe a kwanta a gefe, a mirgina rigingine, a biyo hanyar a dawo. Ba a wucewa gaba sai wanda ake kai ya zama da sauƙi, ko da zai ɗauki mako biyu.

Wajen tasowa, ƙafar da ta fi ƙarfi ita ake kawowa gaba a taka tafinta, a tura da hannu da ƙafa tare, a juya a zauna a kujerar.

Wanda gwiwarsa ba ta ɗaukar durƙuso yana da wata hanya. Ya ja jiki da mazaunai har bakin wani abu mai gajeren tsawo, kamar matakala ta farko ko matasan kujera biyu a jere. Ya ba shi baya, ya dafa da hannu biyu, ya tura ya hau, daga nan ya hau abin da ya fi shi tsawo.

Mataki na 6: Yadda ake faɗuwa

A Holan akwai azuzuwan da masu fisiyo ke koya wa tsofaffi faɗuwa a kan katifu masu kauri, da dabarun da aka aro daga wasan judo. A gida ba za a kai can ba. Ba a gwada faɗuwa daga tsaye, ko kaɗan. Daga zaune ake yi sai daga durƙushe, kuma mai raunin ƙashi ko wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu ya karanta wannan sashe kawai, kada ya gwada sai a gaban ma'aikacin fisiyo.

Wurare uku ake karewa: kai, ƙashin ƙugu, da wuyan hannu. Ƙa'idar kuma ita ce a rage tsawo, a dunƙule, a sauka a kan nama, a bar jiki ya mirgina. Lanƙwasa gwiwa da zarar ka ji ka tafi yana rage nisan da za ka faɗo. Fitar da iska da ƙarfi, ko da da cewa "Ya Salam" ne, yana hana ƙirji da kafaɗa ƙamewa.

Faɗuwa ta baya ita ce ta santsi, kuma ƙeya take nema. Ka zauna a katifa, gwiwoyi a lanƙwashe, hannu a rungume a ƙirji. Ka manna haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka mirgina baya har kafaɗa, ka dawo. Kai bai taɓa katifa ba. Sau 5. Idan ka iya wannan sosai, ka riƙa sauke hannaye a gefen jiki, tafi a ƙasa, daidai lokacin da baya ke sauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne kai hannu baya a miƙe don tokarewa, abin da ke karya wuyan hannu ko ya gurɗa kafaɗa.

Faɗuwa ta gaba ita ce ta tuntuɓe. Fara da bango: ka tsaya taku ɗaya daga gare shi, ka faɗa kansa da tafin hannu, gwiwar hannu na lanƙwashewa tana shanye nauyin, fuska a juye gefe. Daga baya ka yi daga durƙushe a kan katifa, ka sauka a kan tafi da damtsen hannu (daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu) tare. Hannu a miƙe ƙam shi ne ke karyewa. Kuma duk abin da ke hannunka, buta ce, waya ce ko kwanon abinci, ka sake shi.

Faɗuwa ta gefe ta fi kowacce haɗari, domin ita ce ke karya ƙugu idan ƙashin da ya turo a gefen cinya ya daki daɓe kai tsaye. Daga durƙushe, ka zauna a hankali zuwa gefe ɗaya, ka juya jiki yadda mazauni zai fara sauka, ka ci gaba da mirginawa zuwa gadon baya, haɓa a ƙirji. Sau 3 kowane gefe ya isa. A yi shi a hankali ƙwarai, abin da ake so jiki ya haddace hanyar.

Faɗuwa ta gaske ba ta kai daƙiƙa ɗaya, babu lokacin tunani. Abin da aka maimaita ne kawai zai fito, shi ya sa minti 5 sau biyu a mako har tsawon watanni ya fi awa guda a rana ɗaya.

Mataki na 7: Idan an riga an faɗi

Kada ka zabura don kunya. Ka kwanta yadda kake, ka yi numfashi sau 5, ka motsa yatsu, hannu da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Idan babu ciwo mai tsanani, ka tashi ta hanyar mataki na 5, ka zauna minti 5 kafin ka yi tafiya, kuma ka gaya wa wani a gidan.

Ba a tashi, ba a kuma ɗaga mutum, idan akwai ciwo mai tsanani a ƙugu, matsematsi, wuya ko baya, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, wanda alama ce ta karayar ƙugu. A lulluɓe shi a nemi taimako. Karayar ƙugu ba ta ɗori ba ce, yawanci aiki take buƙata cikin gaggawa, a asibitin ƙashi irin na Dala a Kano ko wani babban asibiti mafi kusa. Idan kai ya bugu, aka ga amai, ruɗewa, yawan barci ko ciwon kai mai ƙaruwa, a tafi asibiti. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya tafi ko da bai ji komai ba, domin jini na iya taruwa a cikin kai a hankali.

Mai taimako kada ya ja hannu ko ya ciccibi mutum ta hammata. Ya kawo kujera ɗaya gaba a dafa, ɗaya baya a zauna, ya riƙe ƙugu don daidaitawa kawai. Mai kwana shi kaɗai ya riƙa ajiye waya a aljihu ko a wurin da hannu zai kai daga ƙasa, domin kwanciya fiye da awa ɗaya a daɓe tana da nata haɗarin.

Mataki na 8: Cire abin da ke kayar da mutum

Jirin tashi yana kayar da mutane da yawa da asuba. Ka zauna a bakin gado minti ɗaya kana motsa ƙafa, ka miƙe ka ɗan tsaya, sannan ka taka. Abin ya fi tsanani a lokacin zafi da azumi, idan ruwan jiki ya ragu.

A tattara duk magungunan da ake sha a kai wa likita ko mai harhaɗa magani ya duba. Maganin barci irin su diazepam, da Piriton, da tramadol, da wasu magungunan hawan jini da na suga suna kawo jiri ko magagi. Kada a daina na hawan jini ko na suga da kai, likita ne zai gyara. A duba ido sau ɗaya a shekara, domin yanar ido ana cire ta. Mai ciwon suga da ƙafarsa ke dindiris ya faɗa wa likita.

A gida, a kankare gansakuka a wurin alwala da damina, a sa shimfiɗar roba a banɗakin tayil, a kafa ƙarfen riƙewa a bango kusa da masai, musamman na tsuguno. A ɗauke wayar caji da tabarmar da gefenta ya naɗe daga hanya, a ajiye tocila a gefen matashi. Silifas ɗin da ya suɗe a jefar da shi. Babbar riga da dogon hijabi a tattare su kafin hawa matakala ko sauka daga adaidaita sahu.

Sanda ba abin kunya ba ce, amma a yanke ta daidai: idan ka tsaya hannu a sake, kanta ya zo daidai wuyan hannu, a sa mata roba a ƙasa. Ana riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafar mai lafiya, ba na mai ciwo ba. A matakala, ƙafa mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka.

Tsoka ba ta ginuwa da tuwo da koko kawai. A samu wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, awara ko nama a kowane cin abinci, da nono ko kindirmo, zogale da miyar kuka saboda ƙashi, da ɗan zama a hantsi.

A mako, a ware kwana uku da ba sa jere, misali Asabar, Litinin da Laraba: minti 5 sakin jiki, 10 ƙarfi, 10 daidaito, 5 aikin ƙasa. Sauran kwanakin a yi tafiya ta minti 20 zuwa 30 da safe ko bayan la'asar. Bayan mako 6 a maimaita gwaje-gwajen mataki na 1 a kwatanta da abin da aka rubuta. Idan lambobin sun ja baya duk da ana yi, ko an faɗi sau biyu cikin shekara guda, ko an faɗi ba tare da tuntuɓe ko santsi ba, ko an suma, a je asibiti a duba zuciya, hawan jini a kwance da a tsaye, suga da kunne.